Shugabantar cibiyar hutun hawan doki: wane irin aiki ne?

Wai mece ce cibiyar hutun hawan doki?

Wuri ne da mutum zai biya kuɗi ya sauka na 'yan kwanaki ko mako guda, a ba shi ɗaki da abinci da doki, kullum a fita da shi kilisa cikin tsaunuka ko bakin teku. A Birtaniya an fara wannan sana'a a garin Newtonmore na Sikotland a 1952, daga baya ta bazu zuwa Wales da Ingila. Yawancin baƙin ba su da doki a gida, wasu ma ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba.

Ke nan manajan a kan doki yake yini?

Ina! Masu ja-gorar tafiya ne ke fita da baƙi. Shi kuwa tun da asuba yana barga yana duba wane doki bai cinye abincinsa ba, wanne ke ɗingishi, wanne sirdi ya goge wa baya. Da hantsi ya koma ofis: rajistar baƙi, albashin ma'aikata, sayen ciyawa, da neman izinin manoman da ake ratsa filayensu. Da dare kuma a kira shi don doki ya kwanta da ciwon ciki, ko baƙo na ƙorafin ɗakinsa babu ruwan zafi.

Wane ɓangare ne ya fi wuya?

Haɗa baƙo da dokin da ya dace da shi. Baƙo zai cika takarda ya ce ya iya hawa, alhali rabonsa da doki tun yana yaro. Shi ya sa manajan kirki ba ya tsayawa kan takarda. Sai ya sa mutum ya hau a cikin fili, ya kalli yadda ya kama linzami, ko yana fizgar bakin dokin, ko ya ƙanƙame shi da ƙafa saboda tsoro. Nan take zai gane wanda za a ba tsohon doki mai sanyin hali da wanda za a bari ya yi sukuwa. Akwai kuma batun nauyi, domin cibiyoyi da yawa suna da iyakar kilon da suke karɓa. Faɗa wa wanda ya biya kuɗinsa ya yi doguwar tafiya cewa ba zai hau ba abu ne mai nauyi a baki. A ganina nan ake gane manaja. Wanda kunya ko kwaɗayin kuɗi ya hana shi cewa a'a, ko dai ya lalata bayan dokinsa ko ya kai baƙo asibiti.

Hukuma na sa ido?

Ƙwarai. A Ingila, dokar 2018 ta wajabta wa duk mai ba da hayar doki samun lasisi daga ƙaramar hukuma, likitan dabbobi ya duba dawakin, sannan a yi inshorar da za ta biya diyya idan baƙo ya ji rauni. An hana ba da hayar dokin da bai kai shekara 3 ba, da goɗiya mai tsohon ciki, da wadda ba a yaye ɗanta ba.

Wane karatu ake buƙata?

Ba dole sai da digiri ba. Mafi yawa daga sharar barga suke farawa, su zama mataimakan ja-gora, su zama ja-gora, sannan a danƙa musu cibiya. Ƙungiyar British Horse Society, wadda aka kafa a 1947, tana ba da takardun shaida mataki-mataki. Ana kuma son horon taimakon gaggawa da iya lissafin kasuwanci.

Akwai kuɗi a ciki?

Ana samun na rufin asiri, amma da wuya a yi arziki. Baƙi a watannin zafi suke zuwa, doki kuwa bai san hunturu ba. Mai nauyin kilo 500 yana cin ciyawa kusan kilo 10 a rana, kuma duk mako 6 zuwa 8 sai an kira mai gyaran kofato, da baƙo ko babu. Manajan da bai tanadi ciyawar hunturu daga cinikin watan Yuli da Agusta ba, sai ya wayi gari yana sayar da dawakinsa.

To a ƙasar Hausa fa?

Sanin doki dai muna da shi. Sarautar Shamaki ta kula da bargar sarki tsohuwa ce, kuma hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau na janyo 'yan kallo daga ƙasashen waje. Sai dai wanda ya horar da doki don rawa da ƙawa a gaban sarki zai sake sabon koyo, domin baƙon hutu doki mai haƙuri yake buƙata, wanda ba zai zabura ba ko an ja masa linzami ba daidai ba. Ga kuma tsaron hanyoyin daji, wanda sai ya inganta kafin a fita kilisa da baƙi.