Na ci shari'ar bashi amma kudi shiru, ya ake daure kadarar wanda nake bi?

Kotu ta ce a biya ni, ba shikenan ba?

Ina! Alkali ya yanke hukunci an buga hatimi an mika maka takarda, toh daga nan fa saura naka ne, kotu ba za ta bi mutum har gida ta karbo maka kudinka ba. Da yawa sai sun fito suna murna sannan su gane takarda ce kawai a hannunsu, shi kuma gogan naka ya ci gaba da harkokinsa kamar ba a yi ba. Shi ya sa ake yi wa hukuncin rajista.

Toh me rajistar hukuncin take yi?

Ita ce take lika bashin a jikin kadararsa. Za ka karbi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ko takaitaccen bayaninsa, ka kai ofishin da ake ajiye bayanan filaye da gidaje, su shigar. Daga ranar gidan nan ko filin nan yana dauke da bashinka. Ka ga ranar da ya tashi sayarwa, an yi ciniki an gama, mai saye ya turo lauya a duba takardu, lauya yana bude fayil sai ga sunanka da adadin kudin, toh wane ne zai zuba kudinsa a gidan da rigima take kai? Banki ma haka in ya je neman rance da gidan. Dole a nemo ka a sallame ka kafin magana ta wuce, mutumin da a da ko wayarka ba ya dauka shi ne yanzu zai dinga kiranka.

A ina ake yin rajistar?

Ya danganta da kasa. A yawancin jihohin Amurka gunduma-gunduma ake yi, inda kadarar take nan za ka kai, in yana da fili a gundumomi 3 toh sai ka bi su dukka, ta daya ba ta kama sauran. A Ingila kuwa sai ka sake komawa kotu ta ba da odar daure kadarar karkashin dokar daure kadara ta 1979, ta wucin gadi tukunna sannan ta karshe, sai a shigar a ofishin rajistar filaye.

Kenan gidan ya zama nawa?

A'a, nasa ne, yana ciki abinsa. Kana iya neman a yi gwanjonsa amma wannan wata shari'ar ce mai cin kudi da lokaci. Sannan layi ake bi, wanda ya riga yin rajista shi ake fara biya, in banki ya riga ka da jingina sai ya kwashi nasa, harajin gwamnati ma yakan shiga gaba, kai sai abin da ya rage, wani lokacin ba komai. Shi ya sa jinkiri a nan asara ce. Akwai kuma jihohi irin Texas da Florida da doka ta kare gidan da mutum yake zaune a ciki, irin wannan bashin ba ya sa a sayar da shi.

Daurin yana dadewa?

Ba har abada ba. A California shekara 10 ne kuma ana sabuntawa, a New York ma 10 ne a kan kadara duk da hukuncin kansa yana kai 20. Ka manta ba ka sabunta ba, daurin ya fadi, wadanda ke bayanka a layi su wuce gaba. Dan dadin da ke ciki, galibi kudin ruwa yana hawa kan bashin duk tsawon jiran.

In ya biya fa?

Sai ka sa hannu a takardar shaidar an biya, a kai ofishin nan dai a cire daurin. Kada ka yi wasa da wannan, a wurare da dama in ya nema ka ki ba shi yana iya kai ka kara, tara ta dawo kanka.