Mai zane a sabon gari: tambayoyi kan ƙaura da kafa ɗakin aiki

Idan mai zane ya tashi ƙaura, kaya biyu yake ɗauka, na gida da na sana'a, kuma na sana'ar ne ke da wuyar sha'ani. Ga tambayoyin da suka fi damun wanda ke shirin barin garin da ya saba ya kafa ɗakin aiki a wani wuri.

Me zai sa mai zane ya bar inda aka san shi?

Wani tsadar haya ce ke korarsa, wani aure ko aikin koyarwa, wani kuwa idonsa ne ya gaji da abin da yake gani kullum. Shahararren mai zane Vincent van Gogh ya bar Faris a watan Fabrairun 1888 ya sauka Arles da ke kudancin Faransa yana neman rana da launi, kuma cikin wata goma sha biyar ya yi zanen fenti kusan 200. Ni dai na fi son yadda Georgia O'Keeffe ta yi. Ta fara zuwa aiki a New Mexico ta Amurka a 1929, ba ta koma can dindindin ba sai 1949. Shekara ashirin tana zuwa tana komawa, har ta san wurin ciki da bai kafin ta kwashe kayanta. Ba kowa ke da wannan halin ba, amma ko mako biyu mutum ya yi a garin kafin ya yanke shawara, gani ya kori ji.

Mene ne abu na farko da za a duba a ɗakin?

Haske. Faɗin ɗaki da kyan gini duk suna bayansa. Tun da daɗewa masu zane a Turai suke neman tagar da ta kalli arewa, domin rana ba ta shigowa ta nan kai tsaye, hasken yana nan kusan yadda yake daga safe zuwa la'asar, launin da ka haɗa da hantsi ba zai rikiɗe maka da azahar ba. Ɗakin da mai zane Paul Cézanne ya gina a garin Aix na Faransa a 1902 katuwar taga gare shi ta gefen arewa saboda wannan dalili. Wanda yake kudancin duniya tagar kudu zai nema. Wanda kuma yake kusa da tsakiyar duniya ya sani cewa rana tana karkata arewa a wasu watanni, kudu a wasu, don haka kowace taga tana da lokacin da za ta buƙaci farin labule marar kauri.

Kada ka yarda da gani ɗaya. Ka je da safe, ka koma da rana tsaka, ka sake komawa da yamma, ka riƙe wani ƙaramin zanenka da ka san launinsa sarai, ka jingina shi a bango ka gani. Ɗakin da ya yi kyau da ƙarfe tara yana iya zama tanda da ƙarfe uku. Don aikin dare, nemi ƙwan fitila mai farin haske wajen kelbin 5000 (kelbin shi ne ma'aunin launin haske), wanda lambar CRI ɗinsa, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launi, ta kai 90 ko fiye. Ana rubuta su a jikin kwalin. Ƙwai mai ja-ja yana ruɗin ido, sai gari ya waye ka tarar shuɗin da ka shafa ba shi kake nufi ba. Bango kuma a bar shi fari ko toka-toka, don bango mai launi yana mayar da launinsa a kan aikin.

Bayan haske fa?

Iska, ruwa, danshi, sai ƙofa. Mai aiki da fentin mai yana shaƙar ruwan tsinka fenti duk yini, kuma ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko. Taga biyu masu fuskantar juna, ko fanka mai fitar da iska waje, sun fi kowane ado. Kada a kwana a ɗakin da aka bar gwangwanin wannan ruwa a buɗe.

Danshi kuwa maƙiyi ne mai aiki a ɓoye. Yana sa takarda ta yi fumfuna, katakon firam ya lanƙwashe, ƙyallen zane ya saki. Abin da ake so shi ne laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, kuma kada ta riƙa hawa da sauka farat ɗaya. Ka duba gindin bango da silin ko akwai tabon ruwa, ka tambayi maƙwabta yadda unguwar take idan ruwan sama ya yi yawa. Ƙofa kuma a auna ta da awo. Akwai takaici mutum ya gama babban zane sannan ya tarar ba zai fita ba.

Abu ɗaya da ba na so kowa ya ɗauka da wasa: tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa fenti da shi, yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka tara, saboda man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. A shanya shi a waje a baje, ko a jefa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Haya ko saye?

Haya, kuma ta ɗan lokaci. Mai zane Claude Monet ya koma ƙauyen Giverny na Faransa a 1883 a matsayin ɗan haya, a wani rumbu ya fara aiki, bai sayi gidan ba sai 1890, kuma a nan ya zauna har rasuwarsa a 1926. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka faɗa wa mai gidan ainihin abin da za ka yi: za a buga ƙusa a bango, fenti zai ɗiga a ƙasa, baƙi za su riƙa shigowa kallon aiki. A rubuta amincewarsa. Wasu garuruwan ma suna da dokar da ta raba gidan zama da wurin sana'a, sai a bincika.

Yaya ake kwasar zane-zane ba su lalace ba?

Fentin mai yana yaudara. Samansa yana bushewa cikin kwanaki, amma cikinsa sai ya yi wata shida zuwa shekara, shi ya sa ba a shafa masa man ƙyalli na ƙarshe kafin wannan lokaci. Saboda haka ka daina fara sabon aikin mai makonni kafin ranar tafiya, ka koma fensir da gawayi. Wanda bai gama bushewa ba a sa masa ƴan katakai a kusurwa don kada komai ya taɓa fuskarsa.

Ledar nan mai kumfa-kumfa kada ta taɓa fuskar zane, tana barin sawunta, musamman a kan fentin akirilik da ke yin danƙo a zafi. A fara rufewa da takarda mai santsi marar asid, sannan leda, sannan kwali. A jera su a tsaye, fuska da fuska, baya da baya. In dole sai an naɗe ƙyalle, a naɗe shi a kan bututu mai faɗi, fentin yana kallon waje, domin in yana ciki matsewa yake ya tsattsage. Ka ɗauki hoton kowane aiki, ka rubuta sunansa da girmansa kafin a loda.

Ina masu saye za su fito a garin da ba a san ni ba?

Nan ne ƙaura ta fi ciwo. Ɗaki ana samunsa a mako guda, amma mutanen da ka bari, mai yi maka firam, mai ba ka fenti bashi, abokin da zai kalli aikinka ya faɗa maka gaskiya, waɗannan shekaru suka ɗauka kafin su taru. Da farko tsofaffin masu sayenka ne za su riƙe ka, don haka ka sanar da su kafin ka tashi, ka ci gaba da nuna musu sabon aiki ta Instagram ko WhatsApp, ka koyi yadda ake aika zane ta hanya mai aminci. Ka tanadi kuɗin zama na wata shida in da hali.

A sabon garin kuma, baƙo ko da ido makaho ne. Ka halarci baje kolin wasu kafin ka nemi a zo naka. Mai yin firam ya san kowane mai zane da kowane mai saye a garin, zama rabin sa'a a shagonsa ya fi yawon mako. Makarantu suna neman mai koyar da yara zane. Ka gaisa da maƙwabta, ka bar su su leƙo. Labarin Van Gogh a Arles yana da darasi ta ɓangare biyu. Ma'aikacin gidan waya Joseph Roulin ya zame masa aboki na gaske, ya zana shi da iyalinsa sau da yawa. Amma burinsa na tara masu zane a gidan da ya kama haya bai yi nisa ba: mai zane Paul Gauguin ya zo a watan Oktoban 1888, mako tara kacal suka yi tare suka rabu da tashin hankali, kuma bayan rashin lafiyar Van Gogh maƙwabta suka rubuta takardar koke a kansa. Kaɗaici yana cin mai zane fiye da yadda ake zato, shi ya sa nake ganin ɗakin haɗin gwiwa da wasu masu zane ya fi dacewa da shekarar farko, in dai kowa yana da kusurwarsa.

Yaushe ya kamata in fara aiki?

A makon farko, ko da kwalaye ba su gama buɗuwa ba. Mutane da yawa suna ɓata wata uku suna gyaran kanta da jiran teburin da ya dace, hannu kuma yana yin sanyi. Ka ware akwati ɗaya da zai yi tafiya tare da kai, a ciki akwai littafin zane, fensir, buroshi uku da launuka biyar ko shida. Ka zana abin da kake hangowa ta taga, ka fita ka zana tituna. Inda za ka ajiye teburi da inda za ka jingina ƙyalle, aikin ne zai nuna maka bayan ka yi kwana goma kana bin hasken ɗakin.