Fyaucewa Dabam, Tashin Duniya Dabam

A ƙarshen Satumbar 2025 kalmar fyaucewa ta fita daga majami'u ta shiga bakin kowa. Wani mai wa'azi ɗan Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, shi ne ya ce Yesu ya bayyana gare shi ya shaida masa zai zo ya ɗauki mutanensa ranar 23 ko 24 ga watan, daidai da sabuwar shekarar Yahudawa. TikTok ya ɗauka, Facebook ya amsa, sai ga masu sharhi da Hausa suna yaɗa cewa wai Kiristoci sun ce ranar Talata za a tashi duniya. Kurakurai biyu ne a cikin wannan 'yar magana, kuma duk biyun suna ci mini tuwo a ƙwarya.

Na farko, a wurin waɗanda suka gaskata da ita, fyaucewa ba ita ce ƙarshen duniya ba. Cewa suke yi Almasihu zai zo sararin sama bagatatan, a ta da masu bi da suka mutu, a haɗa su da masu bi da ke raye, a ɗauke su gaba ɗaya. Sauran jama'a suna nan, kasuwa na ci, gwamnatoci na mulki. Daga nan ne za a shiga shekara bakwai na babban tsanani ƙarƙashin Magabcin Almasihu, sannan Almasihu ya dawo a bayyane ya yi mulkin shekara dubu, sai shari'ar ƙarshe. Ashe tsakanin fyaucewa da ranar hisabi akwai fiye da shekara dubu a lissafinsu. Wanda ya fassara ta da tashin alƙiyama ya haɗiye wannan tazara duka.

Na biyu, ba Kiristoci ne suka faɗa ba, mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma fastoci da dama sun ƙaryata shi tun ranar ba ta zo ba. Kai, ita kanta fyaucewa a wannan siga ba akidar dukan Kiristoci ba ce. Katolika da Otodoks ba sa koyar da ita, haka ma galibin tsofaffin majami'un Furotesta. Duk sun yarda Almasihu zai dawo, amma dawowa ɗaya, a fili, kowa na gani. Wanda ya tsara zancen cewa Almasihu zai zo sau biyu, zuwan ɗauka da zuwan mulki, ya kuma yaɗa shi, John Nelson Darby ne, wani tsohon limamin cocin Ayalan, a shekarun 1830. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da aka buga a 1909 ya shigar da shi gidajen Amurkawa. Da yawa daga cikin 'yan mishan da suka shigo arewacin Najeriya daga Kanada da Amurka, irin na ƙungiyar mishan ta SIM, wadda majami'ar ECWA ta tsiro daga aikinta, da irin wannan fahimtar suka zo, shi ya sa Kirista Bahaushe kan ɗauka tun fil azal haka kowa ya yarda.

Ayar da ake kafa hujja da ita tana cikin 1 Tasalonikawa 4:16-17, wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na birnin Tasalonika. Kalmar Girkanci da Bulus ya yi amfani da ita, harpazo, tana nufin a fizge abu da ƙarfi, da sauri. Ita ce a Yahaya 10:12 inda kyarkeci ke wawurar tumaki, ita ce a Ayyukan Manzanni 8:39 inda Ruhu ya ɗauke Filibus daga gaban baban nan na Habasha. Daga fassararta ta Latin Turawa suka samo rapture. Wanda ya zaɓo "fyauce" a Hausa ya iya zaɓe, don duk wanda ya ga shirwa ta sauko wa 'yan tsaki ya san ma'anarta.

Amma ni ba nan idona yake ba. A cikin ayar akwai wata kalma da ba a cika kula ta ba: an ce za a ɗauke su domin su taryi Ubangiji a sararin sama. Tarya. A garuruwan Girkawa na wancan zamani, idan sarki ko wani babba zai shigo, manyan gari kan fita bayan ganuwa su same shi a hanya, su juyo tare da shi zuwa cikin gari. Kalmar nan ta sake fitowa a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa daga Roma suka fito har Kasuwar Afiyus da Maciya Uku suka taryi Bulus, kuma Roman suka nufa da shi. Tana kuma cikin Matiyu 25, a misalin 'yan mata goma da suka fita taryar ango. Mu ma ai mun san tarya. Wa ya taɓa fita taryar sarki sannan ya bi shi suka koma inda ya fito, suka bar garin shekara bakwai? Malaman da ba su yarda da Darby ba a nan suke tsayawa: masu bi za su fita ne su rako Almasihu zuwa duniya, ba tserewa za su yi daga cikinta ba. Magoya bayansa suna da amsarsu, sukan kawo Yahaya 14 inda Yesu ya ce zai je ya shirya wa almajiransa wuri ya dawo ya ɗauke su. A ganina dai hujjar masu tarya ta fi nauyi.

Sannan a duba dalilin rubuta wasiƙar. Wajen shekara ta 50 Miladiyya ne, masu bi na Tasalonika suna ɗokin ganin dawowar Almasihu da idonsu, sai wasunsu suka fara mutuwa. Hankali ya tashi: shin waɗanda aka binne sun yi asara ke nan? Bulus ya ce musu a'a, matattu ne ma za su fara tashi, rayayyu ba za su riga su ba, ya rufe da cewa su ta'azantar da juna da waɗannan kalmomi. Zancen gidan makoki ne, babu ranar wata ko ɗaya a ciki.

Burin mutum ya kasance cikin waɗanda ba za su ɗanɗani kabari ba buri ne mai daɗi, ba na yi wa kowa dariya a kansa. Sai dai shi ne ƙofar da masu sa rana ke shiga, duk da Matiyu 24:36 ta ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. Mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka sun jira 22 ga Oktoban 1844, wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayun 2011, da ta wuce ya ɗaga zuwa Oktoba. A garin Ondo, a Yulin 2022, 'yan sanda suka fito da mutum 77, ciki har da yara, daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a inda suke zaman jiran fyaucewa, an raba wasu da makaranta da iyayensu.

A Koriya ta Kudu kuwa wani fasto, Lee Jang-rim, ya sa 28 ga Oktoban 1992. Mabiyansa suka sayar da gidaje, suka ajiye aiki, suka miƙa kuɗinsu ga majami'a. Hukuma ta kama shi kan zamba tun kafin ranar, aka kuma same shi da takardun jarin da wa'adinsu ba zai cika ba sai 1993.