Waiwaye: Jarrabawar Jiha da Makin Yaran Firamare a Amurka

Duk shekara, wajen Maris zuwa Mayu, yaran aji uku zuwa takwas a makarantun gwamnatin Amurka suna zana jarrabawar karatu da lissafi wadda jiharsu ta tsara. Idan sakamako ya fito sai jaridu su buga cewa kashi kaza cikin ɗari sun ƙware. Ita wannan lamba tana da tarihi, kuma wanda bai san shi ba zai ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

A can ilimi hurumin jiha ne, gwamnatin tarayya da kuɗi take sa baki. Dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965 ta ware tallafi ga makarantun 'ya'yan talakawa. A 1969 aka fara gwajin ƙasa da ake kira NAEP. Shi ba kowane yaro ke yin sa ba, ana zaɓo wasu su wakilci sauran, ba a faɗa wa yaro makinsa, ba a hukunta makaranta a kansa. Shi ya sa babu mai wahalar da kansa wajen yi masa haddar tambayoyi, shi ya sa kuma aka fi yarda da shi.

Tun 1987 aka fara jin ƙaurin hayaƙi. Wani likita a West Virginia, John Jacob Cannell, ya tattara rahotannin jihohi, ya tarar kusan kowacce tana cewa yaranta na firamare sun zarce matsakaicin makin ƙasa. Hankali ba zai ɗauka ba. Abin da ke faruwa shi ne ana maimaita takarda ɗaya shekara da shekaru har malamai su san tambayoyin, ana kuma auna yaran bana da ma'aunin da aka tsara shekarun baya.

Babban sauyi ya zo a Janairun 2002, lokacin da George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta yi alkawarin ba za a bar yaro ko ɗaya a baya ba. Ta wajabta jarrabawa kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, da halartar aƙalla kashi 95 na yara, da fitar da sakamako rukuni-rukuni: 'ya'yan talakawa, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci, da kowace ƙabila da launin fata. Wannan rarrabewa alheri ce, domin ta hana makaranta ɓoye raunanan yara a bayan masu ƙoƙari. Makarantar da ta gaza kai matakin da aka sa mata shekara 2 a jere, iyaye na iya ɗauke 'ya'yansu. A ta 3 a biya wa yara ƙarin darasi. Idan abin ya kai 5 a fara shirin sake mata fasali. Burin kuwa, kowane yaro ya ƙware zuwa 2014.

Sai dai dokar ta bar wa kowace jiha ta yanke makin da za a kira ƙwarewa. Ga yadda aka saba yi: a tara kwamitin malamai, a ba su tambayoyin a jere daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya, kowa ya sa alama a inda yake ganin yaron da ya ƙware da ƙyar zai tsaya. A yi zagaye biyu ko uku, a nuna musu yawan yaran da za su faɗi da wannan layi, sannan hukumar ilimi ta jiha ta amince ko ta gyara. Matsar da layin da tambaya biyu ko uku kawai ya isa ya sauya sunan dubban yara. A 2005 Mississippi ta ce kashi 89 na 'yan aji huɗu sun ƙware a karatu, NAEP ya ce kashi 18.

A cikin aji ma an ga illa. Malamai suka koma kan yaran da ke gab da layi, tunda su ne za su ɗaga lamba, aka rage kula da na can ƙasa da na can sama. Lokacin tarihi da kimiyya da zane ya ragu. A Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, abin ya kai ga goge amsoshin yara a gyara musu. Binciken jihar Jojiya na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178, kotu ta samu 11 da laifi a 2015.

Da New York ta koma sabuwar jarrabawa mai tsauri a 2013, masu ƙwarewa a Turanci suka sauko daga kusan kashi 55 zuwa 31 cikin shekara guda. Yaran dai su ne, ma'aunin ne ya sauya. Iyaye suka fusata, a 2015 kusan yaro 1 cikin 5 bai zana ba. A Disambar shekarar Barack Obama ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara amma ta mayar wa jihohi ikon hukunci.

A 2020 korona ta sa aka yafe jarrabawar. NAEP na 2022 ya nuna makin 'yan aji huɗu ya ragu da 5 a lissafi, 3 a karatu. Mississippi ɗin nan kuma ta ba da mamaki: bayan dokarta ta 2013, wadda ta horar da malamai kan koyar da sautin haruffa ta kuma hana yaron da bai iya karatu ba wuce aji uku, ta tashi daga ta 49 cikin jihohi a karatun aji huɗu zuwa ta 9 a 2024, kuma a NAEP ne, ba a takardarta ba. Masana na jayayya kan ko maimaita ajin yana ƙara wa makin armashi. A 2024 ɗin kuma jihar Oklahoma ta sassauta layinta, lambobinta suka yi sama, alhali a NAEP tana nan cikin na ƙasa.