Waiwaye: Yadda Kai Rahoton Cin Zarafin Yara Ya Zama Wajibi

A ɗakin hoton ƙashi maganar ta samo asali. A 1946 wani likita a Amurka, John Caffey, ya ba da bayanin jarirai 6 da jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansu, hoto kuma ya nuna karaya a ƙasusuwan hannu da ƙafa, wata ta soma haɗewa, wata sabuwa fil. Iyayen ba su kawo wani bayani da zai gamsar ba. Duk da haka Caffey bai fito fili ya ce duka ne ba.

Sai a 1962 wani likitan yara, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka fasa ƙwai a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, suka ce yaran nan jibgarsu ake yi a gida. Me ya hana likitoci magana tun tuni? Tsoron ƙarar ɓata suna, da rantsuwar rufa wa majiyyaci asiri, da kuma nauyin zargin uwa ko uba ido da ido. A 1963 hukumar kula da yara ta tarayya ta fitar da daftarin dokar wajabta wa likitoci kai rahoto, zuwa 1967 jihohi sun bi sahu.

Dokar ta tsaya ne a kan abubuwa kaɗan. Ba a neman hujja daga mai kai rahoto, zato mai tushe ya isa, bincike aikin hukuma ne. Wanda ya kai da kyakkyawar niyya ba za a hukunta shi ba ko da zaton ya tashi a banza. Wanda ya yi shiru kuwa, a yawancin jihohi laifi ya hau kansa. Zato mai tushe shi ne irin ƙurji ko tabon duka a jikin jaririn da ko rarrafe bai fara ba, ko karayar haƙarƙari ta wajen baya, ko ƙunar ruwan zafi mai iyaka tsaf kamar an sa safa, wadda ke nuna tsoma ƙafar aka yi. A New York ana bugo waya nan take, rubutaccen rahoto ya biyo cikin awa 48. Ana rubuta maganar yaro yadda ta fito daga bakinsa, ba a tsare shi da tambayoyi, don yawan tambaya na gurɓata shaida a kotu.

Dokar tarayya ta 1974 ta ɗaura tallafin kuɗi a kan faɗaɗa tsarin. Aka shigar da sakaci da lalata da yara, jihohi suka ƙara malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda. Daga nan ne matsala ta kunno kai. A shekarun baya-bayan nan rahotanni na kaiwa kusan miliyan 4 a shekara, kusan rabi ana tace su a ajiye gefe tun a waya, mafi yawan waɗanda aka tabbatar kuma sakaci ne. Sau da yawa talauci ne ke sanye da rigar sakaci, uwar da ta rasa mai tsaron yaro ta tafi aiki sai ta wayi gari da jami'i a ƙofa. Ƙara masu kai rahoto ba tare da ƙara masu bincike ba, yaron da ke cikin haɗari na gaske shi ke ɓacewa a tarin takardu.

Wata ɓaraka ita ce "na gaya wa shugabana". Badaƙalar lalata da yara ta jami'ar Penn State da ke jihar Pennsylvania, wadda ta fashe a 2011, ta nuna yadda labari ke mutuwa a teburin manya. Gyaran da jihar Pennsylvania ta yi a 2014 ya tilasta wa wanda ya gani ya kira hukuma da kansa, sannan ya sanar da na sama.

Ghana ta ɗora nauyin a kan kowa tun dokar yara ta 1998: duk mai labarin cin zarafi ya kai wa sashen jin daɗin jama'a. Indiya ma haka ta yi a dokarta ta 2012 kan lalata da yara, da ɗaurin da ya kai wata 6 ga wanda ya ɓoye. Sai ga 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18 masu ciki suna gudun asibiti, don sun san likita zai kira 'yan sanda. A 2022 kotun ƙolin ƙasar ta yarje wa likita ya sakaya sunan yarinyar a rahotonsa idan ita da waliyyinta suka nemi haka.