Dolly Parton

Dolly Rebecca Parton mawaƙiya ce 'yar Amurka, marubuciyar waƙoƙi, 'yar fim kuma 'yar kasuwa. An haife ta ranar 19 ga Janairu, 1946, a gundumar Sevier da ke jihar Tennessee. Tana cikin waɗanda suka fi ɗaukaka kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka, wanda ake yi da jita da goge da banjo, ana ba da labarin talauci da soyayya da gida da addini. Ta rubuta waƙoƙi sama da 3,000. Duk da haka, a gidaje da yawa yara ba da waƙa suka san ta ba, da littattafan da take aika musu ta gidan waya kowane wata suka san ta.

Tasowarta

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. An haife ta a gidan katako mai ɗaki ɗaya, bakin kogin Little Pigeon, cikin duwatsun Smoky. Mahaifinta, Robert Lee Parton, manomin taba ne, yana kuma aikin gini don rufin asiri. Mutum ne mai kaifin basira, amma bai iya karatu da rubutu ba. Talaucin gidan ya kai har likitan da ya karɓi haihuwarta, Robert F. Thomas, da buhun garin masara aka biya shi.

Wata shekara da sanyi ya gabato, babu kuɗin sayen rigar sanyi, mahaifiyarta Avie Lee ta tattara ƙyallaye masu launi iri-iri ta ɗinka mata guda, tana ɗinki tana ba ta labarin Yusufu da rigarsa kamar yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki. Yarinya ta sa rigar ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta yi mata dariya. Wannan ne asalin waƙarta "Coat of Many Colors" ta 1971, wadda ta sha cewa ta fi duk sauran kwanta mata a rai.

Dangin mahaifiyarta mawaƙa ne. Kakanta Jake Owens fasto ne a cocin Pentikostal, kuma a cocinsa ta fara rera waƙa tana 'yar shekara shida. Tana da shekara 10 aka fara jin muryarta a rediyo da talabijin a birnin Knoxville, tana da 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry, shahararren shirin kiɗan kantiri na birnin Nashville, inda mawaƙi Johnny Cash ya gabatar da ita.

Sana'ar waƙa

Washegarin da ta gama sakandare a 1964 ta kama hanyar Nashville, cibiyar kiɗan kantiri. A 1967 mawaƙin kantiri Porter Wagoner ya ɗauke ta cikin shirinsa na talabijin, suka yi shekara bakwai suna waƙa tare. Da ta ƙudurta tsayawa da ƙafarta, ta rubuta masa "I Will Always Love You" don yin bankwana, waƙar ta fito a 1974.

Labarin wannan waƙa ya nuna irin hankalinta a harkar kuɗi. Shahararren mawaƙi Elvis Presley ya so ya rera ta, sai manajansa, Tom Parker, ya ce sai dai a ba su rabin haƙƙin mallakarta. A wancan zamani da wuya a sami marubucin waƙa da zai ce wa Elvis a'a, amma Dolly ta ƙi, ko da yake ta ce abin ya sa ta kuka. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi mako 14 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi karɓuwa a Amurka, ribar rubutun kuwa ta shiga hannun mai shi. Wannan riƙo da ta yi wa haƙƙin waƙoƙinta yana cikin tushen dukiyar da take rabawa yau.

A 1980 ta shiga fim da "9 to 5", a 1986 kuma ta haɗa hannu da iyalan Herschend aka buɗe wurin shaƙatawa na Dollywood a garin Pigeon Forge, wanda ya zama babbar hanyar samun aiki ga mutanen gundumarta. An shigar da ita zauren karrama gwanayen kiɗan kantiri a 1999, da na kiɗan rok a 2022. Ta yi aure a 1966. Mijinta, wanda ya guji idon jama'a duk tsawon zamansu, ya rasu a Maris 2025. Ba su haihu ba.

Addini

Dolly Kirista ce, ba ta kuma ɓoye hakan. Ta fitar da kundin waƙoƙin bishara tun 1971, ta kuma sami kyautar Grammy a 2020 da 2021 a rukunin waƙoƙin Kirista. A cikin Dollywood akwai ƙaramin coci mai sunan likitan nan da aka biya da garin masara, ana kuma yin sujada a cikinsa ranar Lahadi. Wasu masu ra'ayin riƙau sun soke ta kan shigarta da kwalliyarta. Amsarta a kullum ita ce hukunta mutane aikin Allah ne, ba nata ba. Ta kuma daɗe tana kauce wa siyasar jam'iyya.

Taimakon jama'a

Ta kafa Gidauniyar Dollywood a 1988, ta fara da matsalar da ke ƙofar gidanta: yaran gundumar Sevier suna barin makaranta. Ta sa ɗalibai 'yan aji bakwai da takwas kowa ya zaɓi aboki, ta yi alkawarin ba kowannensu dala 500 idan su biyun suka gama sakandare. Dabarar ta yi aiki, domin ta ɗora wa kowane yaro nauyin ɗan'uwansa.

Babban aikinta shi ne Imagination Library, wanda ta fara a 1995 don girmama mahaifinta. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Iyaye su yi wa yaro rajista, sai a riƙa aika masa littafi ɗaya kyauta duk wata, tun daga haihuwa har ya cika shekara biyar. Ba a tambayar ko gidan masu hali ne ko na talakawa, don kada wani yaro ya ji cewa sadaka ake ba shi. Da sunan yaron ake aika saƙon, ba da sunan uba ko uwa ba, kuma wanda ya san yara ya san girman wannan. Gidauniyar ce ke zaɓen littattafai da kula da aikawa, ƙungiyoyin gari da gwamnatocin jihohi kuma su ɗauki kuɗin yankinsu. Daga gunduma ɗaya shirin ya bazu Amurka, ya shiga Kanada, Birtaniya, Ostireliya da Jamhuriyar Ireland. A 2018 ta miƙa littafi na miliyan 100 ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, a 2023 adadin ya wuce miliyan 200. Mahaifinta ya ga farkon shirin kafin rasuwarsa a 2000.

Da gobarar daji ta cinye gidaje a yankin Gatlinburg a ƙarshen 2016, ta kafa asusun da ya riƙa ba kowane iyalin da ya rasa muhalli dala 1,000 a wata, aka kuma rufe da dala 5,000 a biyan ƙarshe. A 2020 ta ba cibiyar lafiya ta Jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1 don binciken korona, wani ɓangare ya tallafa wa aikin rigakafin Moderna. A 2022 attajiri Jeff Bezos ya ba ta kyautar dala miliyan 100 domin ta raba wa ayyukan alherin da ta zaɓa.

A 2021 'yan majalisar Tennessee suka kawo ƙudurin kafa mutum-mutuminta a harabar majalisar jihar. Ta yi musu godiya, ta roƙe su su janye shi, tana cewa halin da duniya ke ciki bai dace da ɗaukaka ta haka ba.