Giga: na rumbu, na turmi, ko na taɓarya?

Yanzu a Damagaram da wuya ka wuce shago uku ba ka ji an ce giga ba. Mai sayar da katin waya giga, mai gyara a bakin Kasuwar Dole giga, talla a rediyo giga. Wadda ta fi ci mini rai ita ce tallar da na ji ana yabon wata kwamfuta wai tana da "ƙarfin giga 500". Giga ba ƙarfi ba ne, kuma wannan ruɗani yana cinye kuɗin yaranmu masu son haɗa kiɗa.

Kalmar daga Girkanci ta fito, gigas, wato ƙato. A 1960 aka shigar da ita cikin tsarin awo na duniya da ma'anar miliyan dubu, kamar yadda kilo yake nufin dubu. In mutum ya ce maka kilo 5, ai sai ka tambaye shi na nama ne ko na hanya. Giga ma haka yake. Rubutun Go da muke gani a takardun Faransanci da GB da ke jikin kayan da ake kawowa daga Kano abu ɗaya ne.

Ɗan ƙanwata ne ya shigo mini da murna kwanan baya, riƙe da kwamfutar hannu da ya yi wata da watanni yana tara kuɗinta. Ya ce, "Kawu, giga 500 ce, mai shagon ya ce ko situdiyo sai haka." Na ce, "Giga 500 na me?" Ya yi shiru. Da muka duba, 500 ɗin na wurin ajiya ne, tsohon faifai mai juyawa, RAM kuwa giga 4 kacal. Ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya ɗora piyano ɗaya da ganguna, sai sauti ya soma tsattsagewa kamar ana soya gyaɗa a cikin rairayi.

Da gero na yi masa bayani. Wurin ajiya rumbu ne. RAM turmi ne, inda ake zuba abin da za a daka yanzu-yanzu. Furosesa kuma ita ce mai riƙe da taɓarya. Rumbu ko ya kai girman ɗaki, in turmin ƙarami ne, tiya guda za a riƙa dakawa a kai-a kai, ana zarya tsakanin rumbu da turmi, baƙi na zaune suna jiran fura. Windows 11 ita kaɗai giga 4 na RAM take nema kafin ta yarda ta zauna a na'ura, to ina wurin da ya rage wa kiɗa?

Ga dalilin da ya sa kayan kiɗa na cikin kwamfuta suke cin turmi haka. Piyanon da kake ji a manhaja irin Kontakt, piyano ne na gaske aka naɗi sautinsa, maɓalli bayan maɓalli. Sauti mai ingancin faifan CD ana gutsura shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya yana cin kusan mega 10 da rabi, mega dubu kuwa shi ne giga ɗaya. Piyano na da maɓallai 88. A ce an naɗi kowanne sau 10, daga taɓawa a hankali har zuwa dukan ƙarfi, kowace naɗa daƙiƙa 10. Daƙiƙa 8,800 ke nan, sama da giga ɗaya da rabi, ga kayan kiɗa guda tak, ba a zo kan goge da algaita da ganga ba. Kontakt tana da dabarar ɗora farkon kowane sauti a RAM, saura ta riƙa ɗebo shi daga rumbu lokacin da yatsa ya taɓa maɓalli. A nan ne tsohon faifai mai juyawa yake ba da kunya, don sai ya zagaya ya nemo. Shi ya sa na fi son SSD, wato wurin ajiya mai sauri da babu abin da ke juyawa a cikinsa, mai giga 256 a kan faifai mai juyawa na giga 1,000. Ƙaramin rumbu ne, amma yana bakin turmi.

Akwai giga na uku, gigahaz, wanda ake rubutawa GHz. Shi yawan bugun taɓarya yake aunawa, sau miliyan dubu a daƙiƙa. A nan ma ana yaudarar mutane da babban lamba da sunan i7. Core i7-3520M ta 2012 tana da 2.9 GHz, amma masu daka biyu ne a cikinta. Core i5-8250U ta 2017 an rubuta mata 1.6 GHz, sai dai masu daka huɗu ne, kuma in aiki ya yi nauyi tana ƙara sauri. Duk wanda ya taɓa ganin mata huɗu suna lugude ya san wa zai riga gamawa. Kayan kiɗan da ba naɗa ba ne, irin Serum da ke ƙirƙirar sauti da lissafi, waɗannan hannuwan masu daka suke ci fiye da turmi.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi da ke son haɗa kiɗa ya nemi RAM giga 8 a mafi ƙaranci, 16 in aljihu ya ɗauka, da SSD, da furosesa mai masu daka huɗu. Kafin ya biya ya sa a buɗe bayan na'urar a gabansa, don wasu an liƙe musu RAM ɗin da dalma, ba a iya ƙarawa. Ya kuma saurari fankarta, saboda a zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone.

Ɗan ƙanwata ya yi sa'a, tasa tana da gurbin RAM a buɗe. An ƙara masa giga 8, an cire tsohon faifan an sa SSD, tsohon kuma an sa shi a ƙaramin akwati yana ajiye waƙoƙin da ya gama.